Zauren Tambaya: John Tanton, likitan idon da ya ja ragamar yaƙin rage baƙi da fifita Turanci a Amurka

Tun ranar 1 ga Maris, 2025, da shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin da ya mai da Turanci harshen hukuma, wasiƙunku ba su yanke ba. Yawancinsu a kan mutum ɗaya suka taru, wanda na ambaci sunansa a gurguje a fitowar baya, wato John Tanton. Na tsamo shida daga ciki. Sababbin masu karatu su sani cewa na shekara goma sha ɗaya ina aikin tafinta a asibitoci da kotunan Amurka kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ni, saboda haka maganar nan ta shafe ni, kuma ba zan ɓoye inda na tsaya ba.

Malam, barka da ƙoƙari. Ka ce wani likitan ido ne ya kafa manyan ƙungiyoyin da ke neman a rage shigar baƙi Amurka. Ni ɗalibin tarihi ne, amma ban taɓa jin sunansa ba. Wane ne shi, kuma me ya kai likita wannan fage?

Ɗana, rashin jin sunansa ba gazawarka ba ce. Amurkawa da yawa ma ba su san shi ba, don bai taɓa zama sanata ko gwamna ba. Aikinsa rubuta wasiƙu ne, da tara mutane, da nemo kuɗi, da kafa ƙungiya ya danƙa wa wani ya koma gefe.

An haifi John Hamilton Tanton a birnin Detroit na jihar Mishigan ranar 23 ga Fabrairu, 1934. Mahaifinsa daga Kanada ya shigo. Yana ɗan shekara 11 iyayensa suka bar birni suka koma gona a karkara, can ya tashi cikin aikin noma. Ya yi digiri a ilimin sinadarai a 1956, ya gama karatun likita a Jami'ar Mishigan a 1960, sannan ya ƙware a aikin ido. A 1964 shi da matarsa Mary Lou suka tare a Petoskey, wani ƙaramin gari a bakin tafkin Mishigan mai mutum kimanin dubu shida. A nan ya yi ta cire wa mutane yanar ido har ya yi ritaya, a nan yake kiwon zumarsa, a nan kuma ya rasu ranar 16 ga Yuli, 2019, yana da shekara 85, bayan doguwar jinyar cutar Parkinson mai sa karkarwar jiki.

Ba da maganar baƙi ya fara ba, da maganar daji da ruwa ya fara. Arewacin Mishigan wuri ne mai tafkuna da dazuzzuka, shi kuma ya ga masu gine-gine suna cinye bakin ruwa. Ya shiga kotu da su, yana kuma cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiyar sayen filaye don a bar su yadda Allah ya halicce su, a 1972. Daga nan tunaninsa ya tafi ga tambayar da ta cika kunnen Amurkawa a wancan zamani: ƙasa za ta iya ɗaukar mutum nawa? A 1967 yawan jama'ar Amurka ya kai miliyan 200, kuma tsoron cewa mutane za su fi ƙarfin abinci da ruwa ya kama masu ilimi da yawa. Tanton da matarsa suka buɗe reshen ƙungiyar tsarin iyali ta Planned Parenthood a yankinsu a 1965. Ya shugabanci kwamitin yawan jama'a na Sierra Club, babbar ƙungiyar kare muhalli, sannan daga 1975 zuwa 1977 ya zama shugaban Zero Population Growth, ƙungiyar da burinta shi ne yawan jama'a ya tsaya cak.

A nan lissafi ya juya masa. Tun farkon shekarun 1970 haihuwa a Amurka ta sauka ƙasa da 'ya'ya biyu ga kowace mace, amma jama'a ba su daina ƙaruwa ba. Wani ɓangare na ƙarin daga waje yake zuwa, don dokar shige da fice ta 1965 ta soke tsohon tsarin 1924 da ya fifita 'yan arewaci da yammacin Turai, ta buɗe hanya ga mutanen Asiya da sauran sassan duniya, ta kuma ba da fifiko ga haɗa iyali. A 1970 waɗanda aka haifa a waje ba su kai kashi 5 cikin 100 na mazauna ƙasar ba. Shekarar da Tanton ya rasu sun kusa kashi 14. Sai ya ce wa abokan tafiyarsa, in da gaske muke, dole mu taɓa maganar baƙi. Suka noƙe, don yawancinsu masu sassaucin ra'ayi ne, ba sa son a haɗa su da ƙyamar baƙo. Da ya ga haka sai ya kama gabansa, a watan Janairun 1979 ya kafa FAIR, ƙungiyar neman gyara dokokin shige da fice, wadda har yau ita ce uwa a wannan fage. Tsoffin abokansa kuwa ba su biyo shi ba ko daga baya: a 1998 'yan Sierra Club suka kaɗa ƙuri'a a kan ko ƙungiyar ta goyi bayan rage baƙi, kusan kashi 60 cikin 100 suka ce a'a.

Ranka ya daɗe, ni malamar makaranta ce. Abin ya ɗaure mini kai da na ji wai sai 2025 Turanci ya zama harshen hukuma a Amurka. Da can da me suke aiki? Na kuma taɓa jin cewa saura ƙuri'a ɗaya Jamusanci ya zama harshen ƙasar.

Malama, da Turanci suke aiki tun fil azal. Da shi aka rubuta kundin tsarin mulki, da shi majalisa ke muhawara, da shi alƙali ke yanke hukunci. Sai dai babu layi ɗaya a kundin da ya ce shi ne harshen ƙasa. Labarin Jamusanci kuwa ƙanzon kurege ne da ya samo asali daga wani ƙaramin abu. A 1794 wasu Jamusawa mazauna jihar Bajiniya suka roƙi majalisar wakilai ta riƙa buga dokoki da harshensu ma. Ƙuri'ar da ta faɗi da 42 da 41 a 1795 a kan ɗage zama ce don a sake duba roƙon. Ba wanda ya kawo shawarar a sauke Turanci.

Rigimar harshe dai tsohuwa ce a can. Bayan yaƙin duniya na ɗaya, ƙyamar Jamusawa ta sa jihar Nebraska ta hana koyar da yara ƙanana da wani harshe in ba Turanci ba. Aka ci tarar wani malami, Robert Meyer, dala 25 saboda ya karanta wa yaro ɗan shekara goma labarin Baibul da Jamusanci, sai a 1923 kotun ƙoli ta wanke shi. Daga baya iska ta juya: dokar 1968 ta tallafa wa koyarwa da harshe biyu, hukuncin kotun ƙoli na 1974 a kan yaran Sinawa na San Francisco ya ce dole makaranta ta taimaki yaron da bai iya Turanci ba, gyaran dokar zaɓe na 1975 kuma ya tilasta buga takardar ƙuri'a da wasu harsuna a inda masu jin su suke da yawa.

Waɗannan ne suka tunzura wani sanata daga Kalifoniya, S. I. Hayakawa, masanin harshe, ɗan asalin Japan da aka haifa a Kanada. A 1981 ya kai ƙudurin gyara kundin tsarin mulki don a ayyana Turanci, bai samu shiga ba. Da ya bar majalisa a 1983 sai ya haɗa kai da Tanton suka kafa U.S. English. Hujjarsu ita ce ƙasa mai mutane daga ko'ina tana bukatar maɗauri ɗaya kamar tsintsiya, kuma wanda aka saba yi wa komai da harshensa ba zai matsa wa kansa ya koyi Turanci ba, sai ya dawwama a ƙaramin aiki. Suna yawan nuni da Kanada da rikicin lardinta na Quebec a kan Faransanci.

Da suka ga ƙofar tarayya a rufe, sai suka bi jiha jiha. A 1986 masu zaɓe a Kalifoniya suka amince da kashi 73 cikin 100. A 1988 Florida da Colorado da Arizona suka bi. Yau jihohi wajen talatin suna da irin wannan doka, ko da yake ba a taru an zama ɗaya ba: Hawaii ta haɗa Turanci da harshen 'yan asalinta tun 1978, Alaska ta ƙara harsunan gargajiya 20 a 2014. A yawancin jihohin dokar ado ce, kamar a ce wannan ne tsuntsun jiha ko furenta. Ta Arizona ce ta zo da haƙora, don ta ce ma'aikacin gwamnati kada ya yi aiki da wani harshe sai Turanci. Wata ma'aikaciyar jiha, Maria-Kelley Yniguez, wadda ta saba yi wa masu zuwa ofishinta bayani da Sifaniyanci, ta kai ƙara. Aka yi ta jan shari'o'i shekara goma, har kotun ƙolin Arizona ta soke dokar a 1998 bisa cewa ta take 'yancin magana. A 1996 majalisar wakilai ta tarayya ta amince da ƙudurin Turanci, ya mutu a majalisar dattawa. Shi ya sa abin da aka samu a 2025 umarnin shugaban ƙasa ne, wanda wani shugaban zai iya sokewa da alƙalaminsa.

Ni ina tare da Hayakawa a rabin maganarsa. Duk wanda na yi wa tafinta na ce masa ya shiga ajin Turanci na dare, don na ga yadda rashinsa ke sa a cuci mutum a wurin aiki da wurin haya. Inda muka rabu shi ne tsoron cewa Turanci na cikin haɗari. Hukumar ƙidaya ta ce a 2019 mutum kusan miliyan 68 ne ke magana da wani harshe a gida, fiye da rabinsu kuma sun iya Turanci sosai. Kaka tana jin harshen gida kaɗai, 'ya'ya suna jin biyu, jikoki sai Turanci. Binciken cibiyar Pew ya nuna a cikin jikokin baƙi 'yan Latin Amurka, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke iya hira da Sifaniyanci. Harshen da ke mutuwa a gidajen baƙi nasu ne na gado.

Malam, kai tsaye nake so: mutumin nan ɗan wariyar launin fata ne ko ƙazafi ake yi masa?

Ɗan'uwa, abin da ke zuciya sai Allah. Abin da ke takarda kuwa kowa na iya karantawa, to bari in shimfiɗa maka shi.

A watan Oktoban 1986 Tanton ya rubuta wata takarda ta cikin gida ga abokan shawararsa, waɗanda yakan tara lokaci lokaci a wani zama da ya raɗa wa suna WITAN, daga sunan majalisar dattawan sarakunan Ingila na da. Takardar jerin tambayoyi ce a kan ƙaruwar 'yan Latin Amurka. Ya tambaya ko za su zo da al'adar cin hanci da rashin damuwa da harkokin jama'a. Ya tambaya me yawansu zai yi wa rabuwar coci da gwamnati, tunda yawancinsu Katolika ne. Ya sa alamar tambaya a kan iya ɗaukar karatunsu. Ya yi wani zancen batsa a kan yawan haihuwarsu wanda ba zan maimaita a nan ba. Sannan ya tambaya, idan Turawa suka ga mulki na kuɓuce musu, za su yi shiru ne ko kuwa abin zai fashe.

Shekara biyu takardar na ɓoye. A 1988, ana dab da ƙuri'ar Arizona, jaridar Arizona Republic ta buga ta. Linda Chavez, tsohuwar jami'a a fadar Shugaba Reagan kuma 'yar asalin masu jin Sifaniyanci, ita ce shugabar U.S. English a lokacin. Ta ajiye muƙaminta, ta ce takardar ƙyamar Katolika ce da 'yan Latin. Fitaccen mai karanta labarai Walter Cronkite ya fice daga kwamitin mashawarta. Tanton da kansa ya sauka daga shugabancin kwamitin gudanarwar ƙungiyar da ya kafa. Duk da haka dokar Arizona ta wuce da ƙyar, kuma a 1994 ya sake kafa wata ƙungiyar harshe, wadda yau ake kira ProEnglish.

Da takarda ɗaya ce, da sai a ce tuntuɓen alƙalami. Amma Tanton mutum ne mai adana komai, ya kuma kai akwatunan wasiƙunsa ɗakin adana tarihi na Bentley a Jami'ar Mishigan. A cikinsu aka ga wasiƙar 1993 da ya rubuta wa masanin halittu Garrett Hardin, inda ya ce ya kai ga ra'ayin cewa al'adar Amurka mai tushen Turai ba za ta ɗore ba sai Turawa sun ci gaba da zama masu rinjaye, rinjaye bayyananne. Aka ga yana musayar wasiƙu da masu aƙidar fifikon farar fata, aka ga sha'awarsa ga tsohuwar aƙidar nan ta tace iri a cikin 'yan Adam, wai a ƙarfafa wa wasu haihuwa a rage ta wasu. Sannan tsakanin 1985 da 1994 FAIR ta karɓi kimanin dala miliyan 1.2 daga asusun Pioneer, wanda aka kafa a 1937 kuma ya shahara da ɗaukar nauyin binciken da ke neman nuna cewa wani jinsi ya fi wani basira. A 2007 cibiyar SPLC mai bin diddigin ƙungiyoyin ƙiyayya ta sa FAIR a jerinta. A 2011, bayan jaridar New York Times ta yi dogon rahoto a kan wasiƙun, Tanton ya bar kwamitin gudanarwar FAIR.

Adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Tanton ya musanta zargin har ƙarshen rayuwarsa, yana cewa tambayoyi ya yi don a tattauna, kuma sanya masa wannan suna hanya ce ta toshe muhawara. FAIR ta ce manufarta ba ta duba launi ko addini, ta kuma yi watsi da jerin SPLC, cibiyar da ita ma tana da masu sukar yadda take jera sunaye. Abokan aikinsa suna cewa su dai ba su taɓa ganin ya wulaƙanta wani don fatarsa ba.

Na auna duka biyun, ga inda na tsaya. Mutumin ya fara da tambayar "mutum nawa?", ya ƙare da tambayar "waɗanne mutane?". Ta farko lissafi ce, ana iya yin ta da kowa. Ta biyu kuwa raba 'yan Adam ce gida gida tun kafin a san halin kowane ɗaya, kuma da hannunsa ya rubuta ta, ba sau ɗaya ba. Wannan ni wariya nake kiransa. Wani ɓangare na akwatunan ya ba da shi ne bisa sharaɗin a rufe har watan Afrilun 2035, abin da ya sa wani lauyan shige da fice, Hassan Ahmad, ya maka jami'ar a kotu a 2017 yana neman a buɗe.

Baba, ka yi haƙuri, amma ina ganin ana matsa wa mutumin nan. Kowace ƙasa tana da ikon cewa ga wanda zai shigo, ga wanda ba zai shigo ba. Talakan Amurka da baƙi ke karya masa farashin ƙwadago fa, shi ba mutum ba ne?

Ɗana, babu abin ba da haƙuri, tambayarka tana kan hanya. Ƙasa tana da wannan iko, kuma wanda ya ce a rage yawan masu shigowa bai zama maƙiyin baƙo ba don ya faɗi haka. Barbara Jordan, baƙar fata ta farko da aka zaɓa daga kudancin Amurka zuwa majalisar wakilai a cikin mata, gwarzuwar kare haƙƙin jama'a, ita ta shugabanci hukumar da a 1995 ta ba da shawarar a rage masu shigowa bisa ƙa'ida zuwa wajen 550,000 a shekara. Cesar Chavez, jagoran ma'aikatan gona 'yan asalin Meziko, ya yi faɗa da shigo da marasa takarda a shekarun 1970, don masu gonaki suna amfani da su wajen karya yajin aiki. Ba mai hankalin da zai ce waɗannan biyun wariya ta motsa su.

Maganar albashi kuwa masana tattalin arziki sun daɗe suna kai ruwa rana a kanta. A 1980 'yan Kuba wajen 125,000 suka tsallako ta tashar Mariel cikin 'yan watanni, kimanin rabinsu suka zauna a Miami. David Card, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 2021, ya bincika ya ce albashin ƙananan ma'aikatan birnin bai wani girgiza ba. George Borjas na Jami'ar Harvard ya sake duba alƙaluman ya ce waɗanda ba su gama sakandare ba sun ji jiki. Babban rahoton da cibiyar kimiyya ta ƙasar ta fitar a 2016 ya ce idan aka dubi dogon lokaci tasirin a kan albashin jama'a gaba ɗaya kaɗan ne, kuma inda ake jin zafin shi ne wurin baƙin da suka riga zuwa da 'yan ƙasa marasa takardar sakandare. Ka ga ke nan talakan da kake magana a kansa yana nan, kukansa kuma ba na banza ba ne.

Abin da nake riƙe da Tanton a kai shi ne ya sami hujja mai tsabta a hannunsa, ya zuba mata abin da ya gurɓata ta. Hukumar Barbara Jordan ta ce a rage adadi, ta kuma ce wanda aka karɓa a karɓe shi hannu bibbiyu, a koya masa Turanci, a ba shi hanyar zama ɗan ƙasa. Ba ta tambayi cocin da yake zuwa ba, ba ta ƙirga 'ya'yan matarsa ba. Kuma wanda ya fi asara da abin da Tanton ya rubuta shi ne mai irin ra'ayinka, don yanzu duk wanda ya buɗe baki a kan adadi sai an fara tuhumarsa, ya ɓata rabin lokacinsa yana wanke kansa.

Malam, ta yaya mutum ɗaya daga ƙauye ya yi wannan tasiri? Ina ya sami kuɗi?

Haƙuri da tsari, 'yar'uwa. Ya lura cewa ƙungiya ɗaya murya ɗaya ce, sai ya yi ta haifar wasu, kowace da aikinta. FAIR tana zawarcin 'yan majalisa. Cibiyar CIS, wadda aka kafa a 1985, tana fitar da rahotanni da alƙaluma don 'yan jarida. Akwai reshen lauyoyi mai tsara dokoki da shiga kotu. Akwai maɗaba'ar da ya buɗe a 1990. NumbersUSA, wadda tsohon ɗan jarida Roy Beck ya fara a ƙarƙashin inuwar Tanton a 1996, ita ke tara talakawa su dami wakilansu. Kuɗi mafi tsoka daga Cordelia Scaife May ya fito, magajiyar dukiyar gidan Mellon na Pittsburgh, wadda ita ma ta ƙofar son tsuntsaye da tsoron yawan jama'a ta shigo. Bayan rasuwarta a 2005 gidauniyarta ta Colcom ta ci gaba da zuba musu miliyoyin daloli.

An ga amfanin wannan shiri a watan Yunin 2007, lokacin da Shugaba George W. Bush ya goyi bayan ƙudurin da zai ba miliyoyin marasa takarda hanyar zama halal. Magoya bayan NumbersUSA suka aika saƙon faks fiye da miliyan ɗaya, kiran waya ya cushe layukan majalisar dattawa, ƙudurin ya faɗi da ƙuri'a 46 da 53. Dokar Arizona ta 2010, mai ba 'yan sanda damar tambayar takardun wanda suka tsare in suna zarginsa, lauya Kris Kobach na reshen lauyoyin FAIR yana cikin waɗanda suka tsara ta. A 2017 tsohuwar daraktar FAIR, Julie Kirchner, ta sami muƙami a hukumar shige da fice ta gwamnatin Trump.

Malam, ina zaune a Amurka da mahaifiyata, shekararta 74, ba ta jin Turanci, ga ciwon suga. Tun da aka yi umarnin nan hankalina bai kwanta ba. Yanzu asibiti za su iya hana ta tafinta?

'Yata, Allah ya ba Mama lafiya. Ki kwantar da hankalinki, amma ki buɗe ido.

Umarnin na Maris 2025 ya soke wani umarni da Shugaba Clinton ya yi a 2000, wanda ya wajabta wa hukumomin tarayya da masu karɓar kuɗinsu su tanadi taimako ga wanda bai iya Turanci ba. Sai dai a cikinsa an rubuta cewa ba a tilasta wa kowace hukuma ta daina fassara ba, an bar wa shugabanninta zaɓi. Kuma umarnin shugaban ƙasa ba ya goge dokar da majalisa ta yi. Dokar haƙƙin jama'a ta 1964, mai hana duk wanda ke karɓar kuɗin tarayya nuna bambanci saboda asalin ƙasa, tana nan. Dokar inshorar lafiya ta 2010 ma tana da sashen da ya hana irin wannan bambanci a harkar jinya. Jihohi irin su Kalifoniya da New York suna da nasu dokokin a kan tafinta a asibiti. Abin da ya canza shi ne ƙwazon gwamnatin tarayya wajen bin sawu, saboda haka za ki iya tarar da wurin da aka fara sakaci.

Asibitoci kuma suna da nasu dalilin riƙe tafinta. A 1980 a Florida aka kawo wani saurayi ɗan shekara 18 a sume. Danginsa masu jin Sifaniyanci suka ce "intoxicado", wanda a bakinsu yana nufin ya ci ko ya sha wani abu da ya ɓata masa ciki. Aka ɗauka ƙwaya ya sha ta yi masa yawa. Ashe jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa, kafin a gane ya shanye hannu da ƙafa. Diyyar da aka daidaita a kai ta kai dala miliyan 71. Duk wanda ya yi horon tafinta a can an ba shi wannan labari.

Ni ma na ga nawa. An taɓa kirana wani ɗaki na tarar da yaro ɗan shekara tara tsaye tsakanin likita da mahaifiyarsa, an ce ya gaya mata sakamakon gwajin da aka yi mata. Yaron ya fahimci kalmar, ya ƙi faɗa, sai ya ce mata likita ya ce babu komai. Da na fassara mata gaskiya, shi ya fara fashewa da kuka kafin ita.

Saboda haka ga abin da za ki yi. Tun ranar da kike karɓar lokacin ganin likita ki ce Mama na bukatar tafinta, ki faɗi harshen, ki ce a rubuta a fayil ɗinta. In babu na ido da ido, akwai na waya da na bidiyo, kuma ba a cajin majiyyaci. Ko kina wurin, ki bar ƙwararre ya fassara maganar allurar insulin da awonta, ke ki zauna kusa da ita ki riƙe mata hannu. Kada a sa jika. In aka ce babu, ki nemi ofishin da ke karɓar koken majiyyata, ki rubuta rana da sa'a da sashen da abin ya faru, ki ajiye kwafi a wurinki.